Makirufonka bai lalace ba, yunwa yake ji

 Yau hirar tamu ta masu ƙananan sitidiyo ce a gida: mawaƙa, masu naɗar karatun Alƙur'ani da ƙasidu, masu fassarar fim, masu karanta littattafai a YouTube, da 'yan'uwanmu mata da ke shirya hirarraki daga cikin ɗakunansu. In ba ka cikinsu kada ka wuce, domin da wuya a rasa irinsu a gidanku ko a layinku.

Kwanakin baya wani ƙanena a unguwa ya turo min saƙon murya da tsakar dare, muryarsa kamar zai fashe da kuka. "Yaya, wallahi an cuce ni, jabun makirufo aka sayar min." Yaron nan ɗinki yake yi. Wata bakwai yana zubin adashi, da ya kwasa bai sayi waya ba, bai ɗinka shadda ba, ya tafi kasuwa ya sayo makirufon kwandensa da ɗan akwatin da ake haɗa shi da kwamfuta. Ya dawo gida ya jona komai, ya buɗe baki ya rera, shiru. Ya murɗa maɓallin ƙara sauti har ƙarshe, babu abin da ke fitowa sai "shuuu". Kafin ya neme ni har ya kira mai shagon sun yi musayar baƙaƙen maganganu.

Da safe na leƙa ɗakin nasa. Abin da na fara gani shi ne ɗan maɓallin da aka rubuta wa 48V a kashe yake. Na danna, fitilarsa ta kama, amma har yanzu shiru. Sai na bi kebul ɗin da ido. Bakin da ke shiga makirufo mai ramuka uku ne, daidai. Ɗaya bakin kuwa dogon tsinke ne irin na jita. Na ciro nawa kebul ɗin daga jaka, mai haƙora uku gaba da baya, na sauya. Yaro ya yi gyaran murya kawai, sai ga ta ta cika masa kunne tar. Ya dube ni ya ce, "Yaya, shi kenan?" Na ce shi kenan, sai ka kira bawan Allahn nan ka ba shi haƙuri.

Mun yi dariya, amma da na dawo gida abin ya tsaya min a rai. Matasa nawa ne suka jefa makirufo mai lafiya a ƙarƙashin gado saboda irin wannan? Nawa ne suka yanke hukuncin cewa muryarsu ce ba ta da daɗi, ko sana'ar ce ba ta karɓe su ba, alhali matsalar ba ta wuce wuta da kebul ba?

Ra'ayina a nan a fili yake. Mun cika zuba kuɗinmu a kan abin da ke fitowa a hoto. Makirufo shi ne ke gaban baki a bidiyo, shi abokai ke gani su ce "kai, mutumina ya haɗu", don haka shi ke cinye adashin. Abin da ke ciyar da shi da abin da ke ɗaga muryarsa kuwa, sai a ce a kawo ko wane iri. Ni kuma na ce wanda ya san yadda ake ba makirufo wuta, ya kuma zaɓi firi'am mai tsafta, zai fitar da aikin da ya fi na mai makirufon miliyan da bai san waɗannan abubuwa biyu ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Me ya sa kwandensa ke neman wuta?

Makirufon da muka saba gani a masallaci da gidan biki, wanda ake kira dainamik, ɗan ƙaramin janareta ne. A cikinsa akwai tantani, da naɗaɗɗiyar waya, da maganaɗisu. Kana magana tantanin na motsa wayar a gaban maganaɗisun, sai wuta 'yar kaɗan ta samu, ita ce sautin. Shi yake samar wa kansa wuta, shi ya sa ko ina ka jona shi yake aiki.

Kwandensa ba haka yake ba. Tantaninsa ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, an shimfiɗa shi dab da wani faifan ƙarfe, tsakaninsu 'yar tazara. Ana ɗora wa su biyun caji. Idan murya ta bugi tantanin, tazarar na raguwa tana ƙaruwa, wannan canjin ne ke zama sauti. Ka tuna tantanin kalangu: gwargwadon rashin nauyinsa, gwargwadon yadda yake amsa ɗan taɓi. Shi ya sa kwandensa ke kama numfashi da lanƙwasar murya da ƙananan abubuwan da dainamik kan bari su wuce. Amma sautin da ke fitowa daga tantanin ba shi da ƙarfin da zai bi dogon kebul, don haka aka sa masa ɗan taransista a ciki da ke tallafa masa. Cajin nan da taransistan nan, duka wuta suke ci.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya mai suna Edward Wente ne ya ƙirƙiro makirufon kwandensa a kamfanin Western Electric na Amurka a 1916, sannan Georg Neumann ya fara ƙera shi don sayarwa a birnin Berlin na Jamus a 1928. A 1962 kuma James West, wani baƙar fatar Amurka, da abokin aikinsa Gerhard Sessler suka fito da nau'in da ake kira elektiret a ɗakin binciken Bell, wanda cajinsa a daskare yake a jikinsa tun daga masana'anta. Yawancin makirufon kwandensa masu sauƙin kuɗi da ke kasuwanninmu irin wannan ne. Sai dai ko shi ma taransistan cikinsa na buƙatar wuta.

Wutar fatalwa

To ta ina wutar za ta bi ta isa makirufo? Da can, makirufon kwandensa na zuwa ne da nasa akwatin wuta da kebul na musamman. A 1966 kamfanin Neumann ya kai wa gidan rediyon ƙasar Norway sababbin makirufo masu taransista. Gidan rediyon dama yana da layin wuta mai ƙarfin bolt 48 da yake kunna fitilun ko-ta-kwana da shi, sai aka ce a yi amfani da ita. Daga nan makirufon KM 84 ya fito, kuma bolt 48 ya zama ma'aunin da duniya ke bi har gobe. Wato lambar nan da ke jikin akwatinka asalinta fitilar ko-ta-kwana ce ta wani gidan rediyo a Turai.

Sunan da ake kiranta da shi, fantom, ma'anarsa fatalwa. Dalili kuwa, ba ta da wayarta daban. Kebul ɗin makirufo na ƙwarai, wanda ake kira XLR, haƙora uku gare shi. Na ɗaya shi ne na ƙasa, na biyu da na uku su ke ɗaukar sauti. Sai a ɗora bolt 48 daidai wa daida a kan na biyu da na uku, ta dawo ta na ɗaya. Makirufon da ke buƙatarta zai ja abinsa. Dainamik kuwa, da yake bambancin da ke tsakanin haƙori na biyu da na uku kawai yake gani, kuma babu bambancin, bai ma san tana nan ba. Tana nan amma ba a ganinta, fatalwa kenan.

Daga wannan bayani za ka gane abin da ya faru da ƙanen nan nawa. Ramin da ke gaban akwatinsa irin mai karɓar baki biyu ne, XLR da tsinke. Amma wutar 48 ta haƙoran XLR kaɗai take fita. Duk wanda ya jona kwandensa da kebul mai tsinke, ko ya kwana yana danna maɓalli ba abin da zai isa makirufon.

Kada kuma lambar 48 ta tsorata ka. Wutar na bi ta cikin resista mai om 6,800 a kowane haƙori, kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ce abin da makirufo ɗaya zai ja kada ya wuce miliamfiya 10. Audio-Technica AT2020, wanda matasa da yawa ke farawa da shi, miliamfiya 2 kacal yake ja. Ƙa'idar ta kuma yarda wutar ta kasance tsakanin bolt 44 zuwa 52. Wannan ya ba ka hanyar gwaji mai sauƙi. Kafin ka biya kuɗin akwati, musamman na hannu, ka je da shi wurin mai gyaran rediyo ko mai gyaran waya, a kunna 48V, ya ɗora mitarsa tsakanin rami na ɗaya da na biyu, sannan na ɗaya da na uku. In ya ga lamba a tsakanin 44 da 52 a duka biyun, lafiya lau. In ya ga 15 ko 20, ka san ba cikakkiyar wuta ba ce. Akwai makirufon da ke haƙuri da ƙarancin wuta, misali AT2035 an rubuta yana aiki daga bolt 11 zuwa 52. Akwai kuma wanda in bai samu 48 ɗinsa ba muryarsa za ta shaƙe, ta riƙa fashewa da zarar ka ɗaga sauti. Takardar da ke cikin kwalin makirufo ta faɗi abin da yake so. Mu daina jefar da ita tare da leda.

Akwai ladubba uku da nake roƙon kowa ya riƙe. Ka jona makirufo tukuna kafin ka kunna 48V. In ka gama, ka kashe ta, ka jira 'yan daƙiƙu, sannan ka zare kebul. Kuma ka rage sautin lasifika da na abin kunne kafin ka taɓa maɓallin, domin ƙarar "ɗas" da yake yi na iya cutar da lasifika da kunnenka. Sannan masu kiɗan fiyano su kula: kada a haɗa fiyano ko waya ko kwamfuta ta ramin XLR alhali wutar 48 na kunne, tana iya ƙona musu mafitar sauti. Ta tsinke ake shigar da su. Haka makirufon ribon, wanda ba kasafai ake ganinsa a wurinmu ba, kebul mai matsala tare da wannan wuta na iya lalata shi.

Tarkon da ya fi kama mu

Yanzu bari mu zo kan kayan da suka cika kasuwa, irin saitin nan da ake sayarwa kwali guda: makirufo mai ruwan gwal, da hannun ƙarfe mai lanƙwasa, da soso, da kebul mai ɗan siririn tsinke irin na iyafis, wani lokaci har da ɗan akwati mai maɓallan tafi da dariya. Ban ce haramun ne saye ba, kowa da ƙarfinsa. Amma ka san abin da ka saya. Ramin iyafis na kwamfuta ko na waya ba ya ba da bolt 48. Abin da yake bayarwa bai wuce bolt 2 zuwa 5 ba, an yi shi ne don ɗan makirufon da ke jikin iyafis. Ƙananan akwatunan nan masu ramin siririn tsinke su ma irin wannan 'yar wutar suke bayarwa. Sun isa hira kai tsaye a TikTok. In aikin da za a biya ka kuɗi ne, sautin zai tona maka asiri.

Sai wani ya ce maka, ai sai ka ƙara ɗan baƙin akwatin nan da aka rubuta wa 48V, magana ta ƙare. Nan ma akwai gyara. Wannan akwati wuta kawai yake bayarwa, ba ya ɗaga sauti ko kaɗan. In ka fito daga cikinsa ka koma ramin iyafis na kwamfuta, to har yanzu ɗan da'irar da ke cikin kwamfutar ce ke ɗaga muryarka, wadda aka yi ta don kiran bidiyo, tana zaune kusa da fanka da sauran kayan da ke ta hayaniya. Ka ciyar da makirufo, amma ka bar muryarsa a hannun wanda bai iya ba.

Firi'am shi ne sanƙira

A fada, sarki ba ya ɗaga murya. Yana magana a hankali, sanƙira ya ɗauka ya isar wa jama'a da ƙarfi. Makirufo shi ne mai maganar a hankali, firi'am shi ne sanƙira. Abin da ke fita daga makirufo 'yan milibolt ne, wato kashi kaɗan cikin dubu na bolt ɗaya. Abin da na'urorin sitidiyo ke aiki da shi kuwa bolt ɗaya ne da 'yan kai. Firi'am ne ke cike wannan giɓi. Da desibel ake auna aikinsa: desibel 20 na nufin an ninka sautin sau 10, desibel 40 sau 100, desibel 60 sau 1,000. Maɓallin da aka rubuta wa Gain a jikin akwatinka shi ne linzaminsa.

Abu biyu ake nema a wurin sanƙira, ya zama yana da murya, kuma kada ya ƙara nasa a cikin maganar. Haka firi'am. Na farko, desibel nawa yake iya ƙarawa? Na biyu, hucin "shuuu" nawa yake zubawa a ciki in an murɗa shi sosai? A takardar bayani za ka ga wani layi da aka rubuta EIN. In ka ga lamba kamar -127 ko -128, mai tsafta ne. Gwargwadon yadda lambar ta yi ƙasa, gwargwadon shirunsa.

Ga inda zaɓin makirufo da na firi'am suke haɗuwa. In aka ba AT2020 da Shure SM7B ƙara iri ɗaya, na farkon zai fitar da kusan milibolt 14, na biyun kuwa milibolt 1 da ɗan ɗigo. Ninki goma sha biyu kenan. Shi ya sa kwandensa ba ya wahalar da firi'am, ɗan murɗawa kaɗan ya ishe shi. Shi kuwa SM7B, wanda ake gani a gaban masu hirarrakin bidiyo na duniya, kamfaninsa da kansa ya ce a nema masa firi'am mai desibel 60. Matashi zai gan shi a bidiyo, ya sayar da babur ya saya, ya jona a ƙaramin akwati, ya murɗa har ƙarshe, ya samu murya can ƙasa da huci a kanta. Maganin irin wannan shi ne ko dai akwati mai ƙarfi, ko ɗan abin da ake sawa a tsakiya irin Cloudlifter, wanda ke cin wutar 48 ya ƙara wa dainamik kusan desibel 25. Amma a kula, shi wannan ba ya miƙa wutar gaba, don haka ba na kwandensa ba ne.

Labari mai daɗi shi ne, mai farawa ba ya buƙatar sayen firi'am daban. Akwatin da muke kira saun kad, wanda ake jonawa da kwamfuta ta USB, abu uku ne a haɗe: wutar 48, da firi'am, da na'urar da ke mayar da sauti lambobin da kwamfuta ke ganewa. Irin su Focusrite Scarlett, da Audient iD4, da MOTU M2, da Behringer UMC202HD duk suna da ramin XLR da wutar 48. Scarlett 2i2 zubi na uku desibel 56 yake bayarwa, zubi na huɗu da ya fito a 2023 ya kai 69. Ba talla nake yi wa kowa ba, na kawo su ne don ka san irin lambobin da za ka riƙa tambaya. In ka shiga shago, ko a Kano ne ko Kaduna ko kasuwar Alaba ta Legas, ka daina tambayar "wanne ne ya fi kyau?" Mai shago zai nuna maka wanda ya fi masa riba, kuma ba laifinsa ba ne. Ka tambayi abu uku: yana da 48V ta XLR? Desibel nawa? Zan iya jona makirufona in saurara a nan? Ka sa abin kunne, ka murɗa zuwa inda muryarka ta fito sosai, ka yi shiru, ka saurari abin da ya rage. Kunnenka ba zai yi maka ƙarya ba.

Masu cewa sai mai tsada

Na san akwai waɗanda za su ce, Malam, ai manyan sitidiyo firi'am na musamman suke amfani da shi, shi ke ba murya ɗumi da kauri. Gaskiya ne. Neve 1073 da Rupert Neve ya fitar a Ingila a 1970 har yau ana rububinsa, kuma yana da launin sauti nasa. Amma wannan launin kamar yaji ne a kan tuwo. Sai an dafa tuwon tukuna. In ɗakinka na amsa kuwwa, fanka na kaɗawa, janaretan maƙwabci na ruri, firi'am mai tsada zai ɗaga duk waɗannan ne tare da muryarka, cikin aminci da ƙwarewa.

Ku dubi Billie Eilish da yayanta Finneas. A ɗakin kwana na gidan iyayensu a Los Angeles suka naɗi kundin da ya fito a 2019, wanda ya lashe kyautar Grammy ta kundin shekara a 2020, har da kyautar iya haɗa sauti. Waƙar da ta fara fito da ita kuwa da AT2020 aka ɗauke ta, makirufon da ke cikin masu sauƙin kuɗi. A ɗaya ɓangaren, injiniya Bruce Swedien da dainamik ɗin Shure SM7 ya ɗauki muryar Michael Jackson a yawancin waƙoƙin kundin Thriller na 1982, alhali yana da damar ɗaukar duk kwandensar da ya ga dama. Waɗannan mutane sun san kayansu ne, sun san abin da kowanne ke buƙata.

Wannan ya kawo ni ga maganar da wasu ba za su so ji ba. Ba kowane ɗaki ne ya dace da kwandensa ba. In gidanku a bakin titi yake, 'yan adaidaita sahu na ta hon, ga injin markaɗe a maƙwabta, ga yara na wasa a tsakar gida, dainamik irin Shure SM58, wanda ke kasuwa tun 1966, zai fi yi maka amfani. Sirrin shi ne ana manna masa baki. Duk lokacin da ka rage tazarar bakinka da makirufo da rabi, muryarka na ƙaruwa da kusan desibel 6 a kan hayaniyar ɗaki. Kwandensa kuwa ana ɗan ja baya da shi kamar taƙi guda, sai ɗakin ya samu hanyar shiga. Shi dainamik ba ya buƙatar wutar 48, ba ya tsoron ƙura, ko ya faɗi ƙasa zai tashi. Abin da yake nema kawai firi'am mai ɗan ƙarfi.

Masu makirufon USB kuma, wanda ake jonawa kai tsaye a kwamfuta, ba su yi laifi ba. Wutarsa da firi'am ɗinsa duk suna cikinsa, kuma ga mai karanta labari shi kaɗai ya wadatar. Matsalarsa ita ce ranar da kake son ƙara makirufo na biyu don baƙo, ko ka sauya wani ɓangare, sai dai ka sake sabon saye gaba ɗaya.

Wutar gidanmu

Akwai wata matsalar da takardun kamfanoni ba sa faɗa mana, domin ba a ɗakunanmu aka rubuta su ba. Wutar lantarkinmu a Nijeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma gidaje da yawa ba a ja musu wayar ƙasa ba, wadda masu wayarin ke kira atin. Sakamakon shi ne wani gunji "zzzz" da ke bin sauti, musamman in kwamfuta na jone da caja, ko ana kan janareta, ko ƙaramar inbata mai arha. Kafin ka zargi akwatinka, zare cajar kwamfutar ka ɗauki sautin a kan batir. Sau da yawa gunjin zai ɓace nan take. Ka kuma raba kebul ɗin makirufo da wayoyin wuta, kada su kwanta tare.

Saun kad ɗin USB daga bolt 5 na kwamfuta yake ƙera 48 ɗinsa. In ka jona shi da waya, ko ka cusa shi a mahaɗar USB tare da wasu kaya, wutar kan gaza, sai ka ji sauti na yankewa ko fitila na ƙyaftawa. Ka ba shi raminsa shi kaɗai, in kuma da waya kake aiki ka nemi mahaɗa mai nata caja.

Shi kansa kwandensa ba ya shiri da ƙurar hunturu da laimar damina. Ƙura ta kwanta a kan tantani, laima ta same ta, sai ka fara jin ƙaras-ƙaras kamar ana suya. In ka gama aiki ka mayar da shi jakarsa, ka jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ke zuwa a kwalin takalmi. Ka sa masa tacen iska a gaba, yana tare bugun "fa" da "ba", yana kuma tare yawu. Kuma don Allah a duba gabansa: yawancin manyan kwandensa ta gefe ake musu magana, gefen da tambarin kamfani yake. Na sha ganin matasa a bidiyo suna rera waƙa ta saman kansa.

In da ni ne ke riƙe da kuɗin adashin nan yau, zan fara ware na saun kad mai cikakkiyar wuta da firi'am mai shiru, domin shi zai zauna da ni ko na sauya makirufo sau uku. Sai kebul ɗin XLR mai kyau, sai abin kunne mai rufe kunne ruf, sannan abin da ya rage in sayi makirufon da ya dace da ɗakina. Katifa da bargo da labule masu kauri kuwa akwai su a gida, sun fi kwalin ƙwai da ake mannawa a bango aiki. In na zo ɗauka, zan murɗa Gain har inda mafi ƙarfin muryata ke tsayawa wajen -12 a mitar manhaja, ba ta taɓa ja ba, domin muryar da ta fashe babu manhajar da ke ɗinke ta.

Sayen nagari mayar da kuɗi gida, haka ne. Amma sai ka san mene ne nagarin, kuma wannan sanin kyauta ne. Ƙanen nan nawa yanzu yana naɗar tallace-tallacen masu shaguna da muryarsa, da makirufon nan da ya kusa mayarwa. Ya kuma je har shago ya ba mutumin haƙuri, ya sayo kebul ɗin da ya dace a wurinsa.

Mu haɗu a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wanda ke da tambaya a kan kayan ɗakinsa ya aiko, amma ya fara duba ko fitilar 48V na kunne.